Yadda Ake Shirya wa Dattawa Tafiyar Ganin Tsoffin Haikalan Hindu a Kudancin Indiya

Da yawa daga cikinmu sun san birnin Chennai ta hanyar asibiti, ko sun je jinya ko sun raka mara lafiya. Kaɗan ne suka san cewa daga nan zuwa kudu, cikin jihar Tamil Nadu, akwai tsoffin gine-ginen dutse, wasunsu sun haura shekara dubu a tsaye, wasunsu har gobe ana bauta a ciki. Haikalai ne na mabiya addinin Hindu, waɗanda sarakunan Pallava da na Chola da na Nayak suka gina. Malamin tarihi da ya yi ritaya, tsohon magini, hajiyar da ke son ganin yadda wasu al'ummu suka rayu, kowa yana da abin kallo a can.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin masu shirya irin wannan yawo don masu jini a jika suke tsara shi: haikali uku ko huɗu a yini, kullum kwana a sabon gari. Dattijo mai shekara 70 da ciwon gwiwa ba zai jure wannan ba. Don haka abu biyu ne za su ja ragamar duk shirin da ke tafe: ƙafar wanda ya fi kowa rauni a ayarin, da lokacin buɗewa da rufewar haikalin.

Mataki na 1: Ka san mutanenka kafin ka zana hanya

Ayarin dattawa kada ya wuce mutum 10 zuwa 12. Ka ƙara matasa biyu masu ƙarfi, namiji da mace, waɗanda aikinsu kawai riƙe hannu ne, ɗaukar jaka da tura keken mara lafiya. Macen ba ta da madadi, domin akwai taimakon da hajiya ba za ta nema wurin namiji ba.

Ka zauna da kowane matafiyi shi kaɗai. Dattawanmu ba sa son a ce sun gaza, idan ka tambaya a cikin taro kowa zai ce maka garau yake. A keɓe ka tambaya: Baba, za ka iya tafiyar minti 20 babu takalmi a kan dutse? Matakala nawa kake hawa kafin ka tsaya? Kina da ciwon suga, Hajiya, kuma kina jin tafin ƙafarki sosai? Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran nauyi, domin mai ciwon suga da jijiyar ƙafarsa ta yi sanyi yana iya ƙonewa ko ya taka abu mai kaifi bai sani ba, alhali kusan duk ziyarar babu takalmi ake yin ta.

A zaman nan ne kuma za a yi maganar addini ƙeƙe-da-ƙeƙe. Tarihi da gini za a je gani, ba wanda zai shiga ibadar wani, kuma ba wanda zai raina ibadar masu wurin. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ciki ba, ya tambayi malaminsa tun yana gida, kuma a ba shi damar zama a farfajiya ko a mota ba tare da an yi masa gori ba. A ƙofar haikali ba wurin buɗe wannan muhawara ba ne.

Mataki na 2: Zaɓen wata

Ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu ya fi. Daga Oktoba zuwa Disamba ne gaɓar tekun Tamil Nadu ke samun ruwanta mai yawa, har da guguwar teku wani lokaci. Tsakiyar Janairu bikin girbi ne na Pongal, motoci da otal-otal a cike. Afrilu da Mayu kuwa zafi ne haɗe da gumi, irin wanda ke kayar da mai hawan jini. Ka duba kalanda kuma kada tafiyar ta faɗo cikin azumi.

Mataki na 3: Takardu da magani

Biza daga ofishin jakadancin Indiya ake nema, kuma a nemi ta yawon buɗe ido tun da sauran wata biyu ko uku. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida.

Katin rigakafin cutar shawara wajibi ne ga wanda ya taso daga Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da maƙwabtansu. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida. Wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yin allurar ba, ya ga likita tukuna, domin ta fi wahalar da masu shekaru.

Kowa ya zo da maganinsa cikin kwalinsa na asali, da ƙarin na mako guda, da takardar likita mai ɗauke da sunayen magungunan. A jakar hannu za a sa, ba a cikin akwatin da za a tura ƙarƙashin jirgi ba. Agogon Indiya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, don haka masu allurar insulin su zauna da likita a gyara musu lokutan. A yi wa kowa inshorar lafiya ta tafiya, a karanta a tabbatar ta ɗauki masu shekarunsa da ciwon da yake da shi tun da farko.

Jirgi kan bi ta Addis Ababa, Doha ko Dubai. Lokacin yankar tikiti ka nemi a tanadi keken mara lafiya ga duk wanda kake kokwanto a kansa, ko da ya ce ba ya so. Filayen jirgin da ake sauya jirgi a cikinsu tafiya ce mai nisa.

Mataki na 4: Hanyar da ta dace

Ga tsari na kwana 13, daga arewa zuwa kudu, wanda ba a daɗewa a mota fiye da awa huɗu a yini, kuma ba a kwana ɗaya tak a ko'ina.

Chennai, kwana biyu. Hutu ne kawai da canjin kuɗi da sayen layin waya. Masallacin Wallajah da ke unguwar Triplicane, wanda aka gina a 1795, yana nan, Kiristocin ayari kuma suna da majami'ar Santhome.

Mamallapuram, wadda ake kuma kira Mahabalipuram, kwana biyu. Kimanin kilomita 55 ce kudu da Chennai a bakin teku. Aikin sarakunan Pallava ne na ƙarni na 7 da na 8, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1984. A fara da babban falalen dutsen nan da aka sassaƙa labarin saukowar kogin Ganges a jikinsa, tsawonsa kusan mita 30. A bakin titi yake, ba hawa ba sauka, dattijo zai iya zama a kujerarsa ya ƙare masa kallo. Ka nuna musu giwayen da suka kusa kai girman na gaske, da 'ya'yansu a ƙarƙashin cikinsu, sannan ka sa su nemo kyanwar nan da ta miƙe a kan ƙafafunta na baya tana kwaikwayon masu ibada, ɓeraye na kewaye da ita. Haikalin bakin teku a bar shi sai yamma, don babu inuwa a wajen. Gine-gine biyar da aka fafe kowanne daga dutse guda, waɗanda ake kira Pancha Rathas, a kan yashi suke, keke ba ya tafiya sosai, sai da riƙon hannu. Tudun fitilar jiragen ruwa a bar wa matasa.

Puducherry, kwana biyu na hutu. Tsohon garin mulkin Faransa ne, titunansa a shimfiɗe, akwai wurin zama a bakin teku. 'Yan Nijar za su ga sunayen tituna da Faransanci. Kada ka ji kamar ɓata lokaci ne, a nan ne ƙafafu ke dawowa daidai kafin babban aikin.

Kumbakonam, kwana biyu. A kan hanya a tsaya Gangaikonda Cholapuram, haikalin da sarki Rajendra na ɗaya ya kammala a 1035 a sabon birnin da ya kafa bayan rundunarsa ta kai kogin Ganges. Birnin ya shuɗe, haikalin ne ya rage a tsakiyar ciyawa, babu hayaniya, hasumiyarsa mita 53. Washegari a je Darasuram, 'yan kilomita kaɗan daga gari, haikalin Airavatesvara na sarki Rajaraja na biyu a ƙarni na 12. A ganina duk tafiyar nan babu wurin da ya dace da dattawa kamarsa. Ƙarami ne, bai da nisan tafiya, kuma sassaƙarsa a daidai ido take. Zauren gaba an yi shi da siffar keken doki, da ƙafafun keken da dawakai na dutse suna ja, ginshiƙansa cike da ƙananan siffofin masu rawa da makaɗa waɗanda wasunsu ba su fi tsawon yatsa ba. Da yamma a je Swamimalai, inda maƙera ke zuba tagulla ta hanyar narkar da kakin zuma, sana'ar da suka gada tun zamanin Chola. A zaune ake kallo, kuma duk wanda ya tashi kusa da maƙera zai ji daɗin wurin.

Thanjavur, kwana biyu, kimanin kilomita 40 daga Kumbakonam. Nan ne haikalin Brihadisvara da sarki Rajaraja na ɗaya ya kammala a 1010. Hasumiyarsa ta kai kimanin mita 60, dukkanta da dutse mai tauri aka gina ta, a yankin da ba shi da irin wannan dutsen, daga nesa aka jawo shi. Bayan ƙofofi biyu za ku fito farfajiya mai tsawon kusan mita 240, a tsakiyarta ƙaton bijimi, wanda suke kira Nandi, da aka sassaƙa daga dutse ɗaya. Abin da nake so kowane madugu ya nuna wa mutanensa shi ne rubutun da ya zagaye gindin ginin. Lissafi ne aka tona a dutse: zinariya da filayen da aka ba haikalin, ma'aikatansa da albashinsu, har da sunayen mata masu rawa 400 da gidajen da aka ba su. Tsohon akawu ko ma'aji zai tsaya a nan ya ƙi tafiya. Ku zo sau biyu, da safe a zagaya ta rumfar da ke jikin katanga inda akwai inuwa, da yamma a zauna kawai a ga yadda rana ke canza launin dutsen. Wannan haikali da na Gangaikonda Cholapuram da na Darasuram su uku ne UNESCO ta haɗa wuri guda, na Thanjavur tun 1987, sauran biyun a 2004. A tsohuwar fadar garin akwai ɗakin adana mutum-mutumin tagulla na Chola, ya isa ziyarar awa ɗaya.

Madurai, kwana uku. A hanya akwai Srirangam kusa da Tiruchirappalli, haikalin da ya mamaye eka 156 da katanga bakwai, ɗaya cikin ɗaya, da hasumiyar ƙofa mai sama da mita 70 da aka ƙarasa a 1987. A tsaya awa ɗaya a zagayen waje, ya wadatar. Haikalin da ke kan dutsen tsakiyar Tiruchirappalli yana da matakala sama da 400, a hango shi daga mota. Haikalin Meenakshi na Madurai, wanda yawancin ginin da ake gani yau na sarakunan Nayak ne a ƙarni na 16 da na 17, shi ne mafi cunkoso: hasumiyoyi 14 masu launi, zaure mai ginshiƙai 985, tafki a tsakiya mai matakalan da za a iya zama a kai. Ana bincike a ƙofa, kuma tun bayan gobarar 2018 an hana shiga da waya. Daga Madurai a hau jirgi a koma Chennai, kada a sake bin hanyar mota.

Mataki na 5: Mota, masauki da ɗan jagora

Ƙaramar bas mai sanyi, wadda suke kira Tempo Traveller, ita ake haya da direbanta. A ɗauki mai kujeru fiye da yawan mutane, a sa ɗan ƙaramin benci na takawa a ƙofa, da keken mara lafiya mai naɗewa da kujerun zama masu naɗewa uku ko huɗu. A hagu suke tuƙi, don haka matasan nan biyu su ne masu tsallakar da kowa titi.

A otal ka nemi ɗakunan ƙasa ko wurin da ke da na'urar hawa bene, da bayan gida na zama, da wurin wanka wanda ba sai an ɗaga ƙafa an shiga kwami ba. Ka sa su turo hoton banɗakin kafin ka biya. Kowane otal zai yi rajistar baƙi 'yan ƙasar waje, saboda haka ka riƙe kwafin fasfo da biza na kowa da yawa.

Ɗan jagora ya kasance mai lasisin hukuma, kuma a gaya masa tun farko ya yi bayaninsa a inuwa mutane na zaune, sannan a tashi a je a gani. Ɗaya daga cikinku ya riƙa fassarawa zuwa Hausa. Dattawan da suka tashi da kallon fina-finan Indiya su sani cewa harshen Hindi da suka tsinta ba zai yi musu aiki sosai a nan ba, Tamil ake yi. Gaisuwa "vanakkam", godiya "nandri".

Mataki na 6: Tsarin yini

Yawancin haikalan da ake bauta a cikinsu suna buɗewa wajen ƙarfe 6 na safe, su rufe wajen 12 ko 12:30, su sake buɗewa ƙarfe 4 na yamma. Wannan ya yi wa dattawa daidai. Bayan asuba a karya, a isa haikali kafin 7:30, a fito kafin 10:30. Daga ƙarfe 11 dutsen farfajiya ba ya takuwa. A wasu wuraren ana shimfiɗa tabarmar igiyar kwakwa ko a shafa farin fenti a layi, a bi ta nan. Azahar da abinci da barci a otal, fita ta biyu bayan la'asar ga mai so. Babban haikali ɗaya a yini, ba ƙari.

Juma'a a mai da ita ranar hutu da masallaci. Dama ranar ce haikalan alloli mata irin na Meenakshi suka fi cika.

Ƙirga mutane a yi shi kamar yadda jagoran alhazai ke yi: kafin a sauka mota, a ƙofar shiga, a ƙofar fita, bayan an hau. Kowa ya rataya kati mai sunansa da sunan otal da lambar direba, a sa a rubuta da Tamil a bayansa. A Madurai, da yake babu waya a ciki kuma ƙofofi huɗu ne masu kama da juna, a tsayar da magana kan ƙofar da aka ajiye takalma, can ne mahaɗa.

Mataki na 7: Ladabin shiga

Ana cire takalmi a waje a ba mai ajiya. Wasu wuraren suna barin safa, wasu ba sa bari, ɗan jagora ya tambaya, musamman saboda masu ciwon suga. Idan an hana, gara mai wannan ciwon ya tsaya inda aka yarda masa. A kula da daɓen cikin zaurukan, akwai duhu, kuma man fitila da ruwa kan sa santsi.

Tufafinmu sun wadatar, kaftani da wando, zane da mayafi ko doguwar riga. Babbar riga dai a bar ta a gida saboda zafi da cunkoso. A haikalai irin na Chidambaram maza kan cire riga kafin su shiga can ciki, wanda ba inda za ku shiga ba ne.

A manyan haikalai kamar na Madurai da Srirangam akwai iyakar da wanda ba Hindu ba ba ya wucewa, kuma akwai allon da ke faɗin haka. A 2024 ma babbar kotun jihar ta ba da umarnin a kafa irin waɗannan alluna. A tsaya inda aka ce a tsaya, babu gardama, wurin ibadarsu ne. Idan malamin haikali ya miƙo farin toka ko jan gari na shafawa a goshi, ko abincin da aka gabatar wa abin bauta, a ɗora hannu a ƙirji a yi murmushi a ja baya, sun saba kuma ba sa jin haushi. Kada a ɗauki hoton mai ibada sai da izininsa, kada a taɓa sassaƙa, kada a miƙe ƙafa tana fuskantar ɗakin bautar.

Mataki na 8: Ci da sha da salla

Gidajen abincin da ba sa dafa nama sun cika ko'ina, kuma sun warware matsalar halal. Da safe akwai idli, wainar shinkafa ce da ake turarawa, ba mai ba yaji, ta dace da cikin dattijo. Da rana shinkafa ce a kan ganyen ayaba da miyar wake da kayan lambu, a rufe da shinkafa da kindirmo, wadda ke kwantar da ciki. A ce a rage yaji tun wajen oda. Kofi da shayinsu da sukari ake haɗo su, mai ciwon suga ya faɗa tun kafin a zuba. Idan an yi marmarin nama, gidajen biryani, wato dafa-dukar shinkafa da nama, na Musulmi suna nan a kowane babban gari. Ruwan gora mai hatimi kawai za a sha, ban da ƙanƙara, ban da 'ya'yan itacen da aka yanka a titi. A riƙe garin gishiri da sukari na maganin gudawa, da man korar sauro. Ɗan garin kunu da dabino daga gida suna taimakon wanda abincin ya gundura.

Alƙibla a Tamil Nadu yamma take, da ɗan karkata arewa. A gaya wa dattawa tun ranar farko, domin wanda ya shekara 60 yana fuskantar gabas jikinsa zai juya can da kansa. Buta da darduma su zauna a mota. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a tambayo shi tun a gida. A Madurai, masallacin Kazimar, wanda asalinsa ya koma ƙarni na 13, bai da nisa da haikalin Meenakshi.

Mataki na 9: Idan wani ya gaza

Alamun da za ka sa wa ido su ne yin shiru ga mai yawan magana, jiri, ƙin shan ruwa don gudun neman banɗaki, da kumburin ƙafa. Da ka ga ɗaya, a zaunar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, a auna jini da suga, ɗaya daga cikin matasan ya mayar da shi otal a ƙaramar mota, sauran su ci gaba. Kowane dare a duba tafin ƙafar masu ciwon suga da fitila. Lambar motar asibiti a jihar 108 ce, ta gaggawa gaba ɗaya 112. Kafin ku isa kowane gari ka sa otal ta ba ka sunan asibiti mafi kusa da ke aiki dare da rana, ka ajiye takardun lafiyar kowa a jaka ɗaya da ba ta rabuwa da kai, sannan ka ware kuɗin ko-ta-kwana a hannu, takardun rupee, wato kuɗin Indiya, domin hanyar biyan kuɗi ta waya da 'yan ƙasar ke amfani da ita ba ta cika yi wa baƙo aiki ba.